Ka Gaya wa Ɗan Naka

Da na yi ritaya daga koyarwa, yayana ya ce zaman gida zai tsufar da ni, in zo injinsa na casar shinkafa da ke bakin kwalta a Kura in kama aiki. Na tambaye shi wane aiki ne, ya ce in zo dai, ba za a rasa ba. Na je da sabuwar hula. Aka ajiye mini kujera mai hannu a baranda, tsakanin ƙofofin ofis biyu. Ba tebur, ba makulli, ba ko mutum ɗaya a ƙarƙashina da zan yi wa tsawa. Sai da na kwana biyu ina zama na gane ashe kujerar ita ce aikin.

Ofishin dama na Yaya ne, mai wurin, wanda ma'aikata ke kira Alhaji. Na hagu na manaja ne, ɗansa na fari, wanda ya karanto harkar noma a jami'a ya dawo gida da dabaru cike da kai. Yaro ne mai natsuwa, ba ya raina kowa, ko da yake yaron da nake faɗa yana da mata da 'ya'ya, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Matsalar guda ce. A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kunya ta gaske. Yaya bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana baki da baki. In ya durƙusa gaida shi da safe, Yaya yakan amsa yana duban katanga, kamar da ita ake gaisawa. Shi ma Yaya ɗan fari ne, haka mahaifinmu ya yi masa har ya koma ga Allah. Ni kuwa na can ƙasa ne, a cinyar tsoho na girma, shi ya sa abin bai taɓa ba ni komai ba sai dariya.

A cikin gida wannan al'ada ba ta hana tuwo dahuwa. Amma a ce mai kamfani ba ya magana da manajansa, ai akwai aiki. Kafin in zo, duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta barandar shi ake ɗora wa saƙo, ko direba, ko mai kula da inji, ko ɗan dako da buhu a ka. An taɓa aiken wani ɗan dako ya ce wa manaja a dakata da lodin motar Dawakin Kudu, ya tsaya shan ruwa a hanya, ya isa ya ce Alhaji ya ce a hanzarta. Bayan wannan ne Yaya ya tuna yana da ƙane da ya yi shekaru yana maimaita magana ɗaya ga yara ba tare da ya gaji ba.

Ga yadda aikin yake. Injin yana ruri tun safe, ba mai jin wani sai an matso. Yaya zai leƙo ta ƙofarsa ya yafuto ni, ya ce, "Malam, ka gaya wa ɗan naka." Kullum haka yake farawa. Ɗana ne ni, ba nasa ba, shi kamar a hanya ya tsince shi. Daga nan sai saƙon ya biyo, yawanci da zafinsa, kamar a ce wane irin shirme ne za a bar shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a rana har ta bushe ta wuce misali, a zo casa tana kakkaryewa. Ni kuma in tashi a hankali, in gyara riga, kafin in kai ƙofar hagu maganar ta huce. In ce wa manaja babansa na ganin da za a riƙa kwashe shanyar da ɗan wuri da ya fi. In saƙo zai hau sama ma haka. Manaja zai ce tsohon janaretan nan ya gama yawo, shan mai kawai yake. Ni kuma in je in ce wa Yaya manaja na cewa janaretan nan ya yi mana hidima, Allah ya saka masa, ko za a duba a bar shi ya huta. Ma'aikata suka sa mini suna mai suga. Ban ji haushi ba, don na san ba don sugan ba da tuni wurin ya kama da wuta.

Shi manaja, da yake ɗan boko ne, bai zauna haka ba. Ya ce a kamfanin kirki magana tana da hanyoyi, akwai wadda ke saukowa daga sama, akwai wadda ke hawa daga ƙasa, akwai ta tsakanin ma'aikata, kuma kowace sai an share mata hanya. Ya kafa mitin duk ranar Litinin. Yaya bai ƙi ba, ya zo da carbinsa, ya juya kujerarsa ta fuskance ni. Manaja ya tashi ya yi bayani tiryan-tiryan a kan injin tsince tsakuwa da yake so a sayo. Ɗakin tsit, an kashe inji, ko kurma ya ji. Da ya gama, Yaya ya dube ni ya tambaye ni me aka ce. Na maimaita. Ya ce in gaya masa za a duba. Na juya na gaya masa za a duba. Mai kula da inji ya toshe baki da hula ya fita, wai tari ne ya sarƙe shi.

Da mitin bai yi ba, manaja ya buɗe mana guruf a waya, ya saka kowa, har da mai gadi. Wannan kam Yaya ya so shi, don ya gano saƙon murya. Zai danna ya fara da sallama, ya gaida masu inji, ya gaida 'yan dako, ya tambayi jikin mahaifiyar direba, ya yi addu'ar zaman lafiya a ƙasa, can a ƙarshe ya ce a gaya wa manaja mutanen Garun Mallam za su zo ɗaukar kaya. Manajan kuwa shi ya buɗe guruf ɗin, shi ke fara saurare. Sai ka ga ma'aikata sun jero suna amsawa, to Alhaji, za a gaya masa.

Akwai kuma hanyoyin da ba a karanta su a jami'a. Ɗaya ita ce hular Yaya. In ta koma ƙeya, yau ranar roƙo ce, mai neman izinin zuwa biki ya matso. In ta sauko goshi, kowa ya kama kansa. Ɗayar kuma tana bayan inji, inda ɓuntu ke taruwa tsibi guda. A nan wasu tsofaffin mata ke zama da faifai suna bakace, suna fitar da 'yar gutsattsarin shinkafar da ta bi ɓuntu. Ba sa cikin guruf, ba sa zuwa mitin, amma ba abin da ke faruwa a kamfanin da ba su riga kowa sani ba. In zan kai saƙo ina tafe ne a ƙafa, nasu labarin a babur yake tafiya.

Sai wani abu da Yaya yake yi kowace safiya. Da an fara fitar da shinkafa zai je bakin inji, ya tara hannu ya ɗebi cikin tafi, ya kai ta haske ya jujjuya, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. Ba ya cewa komai. Sai ya zuba ta a aljihun riga ya wuce. Manaja yana tsaye daga nesa yana kallo, kullum a zatonsa aibu ake nema, za a je a zauna a ƙirga masa tsakuwa da karyayyu. Ni na san inda shinkafar take zuwa. Bayan la'asar Yaya yakan zauna da tsofaffin abokansa a dakalin masallaci, ya zaro ta ya baza a tafi, ya ce su duba, su faɗi gaskiya, ko ta waje ta kai wannan haske. Sun gaji da gani har suna tsokanarsa. Na taɓa gaya wa manaja wannan, ya yi murmushi ya ce Allah ya bar mana Baffa.

Shekarar da abin ya faru, shinkafar rani ta yi kyau, ana shirin yanka. Wata ranar manaja ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Ya ce wani babban kamfanin shinkafa can jihar Kebbi sun yi masa waya, suna so ya je ya riƙe musu sashe guda, kuma suna jiran amsa kafin mako ya fita. Ya ce ba zai tafi ba sai da izinin mahaifinsa, in je in nema masa. Na ce masa ya yi wa Allah ya sake tunani, wurin nan a kansa yake tsaye, kuma babansa yana alfahari da shi.

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya. Ya ce, "Baffa, tun da na dawo wurin nan, duk abin da na ji daga Baba a bakinka na ji shi. Kai kuma kowa ya sani suga kake zubawa. In ya yi faɗa ka ce shawara ya bayar. To in ka ce ya yabe ni, ta ina zan san ba shiru ya yi ba?"

Maganar ta yi mini zafi. Na tausaya masa ƙwarai. Mutum ya ba wuri ƙuruciyarsa, ya mai da ɗan injin ƙauye abin da ake zuwa daga birni ana layi, amma bai san ko mai wurin ya gani ba.

Na tsaya ina tauna yadda zan kai saƙon, ashe ɓata lokacina nake. Direba ya ji manaja yana waya, ya gaya wa mai gadi, mai gadi ya je bayan inji neman inuwa. Ko da na shiga ofishin dama, hular Yaya ta kusa rufe masa gira. Ban gama sallama ba ya ce ya ji. Ya ja carbi da sauri, yana duban taga, ya ce in gaya wa ɗan nawa Allah ya ba da sa'a. Na tsaya ko zai ƙara wani abu. Ya ce ko akwai saura ne.

Ban kai wannan saƙon ba. Na ce wa manaja Alhaji yana nazari. Washegari bayan sallar asuba na bi Yaya gida, na same shi a zaure, koko na gabansa ya huce bai taɓa ba. A nan, da yake ba inji ba ma'aikata, ya saki jiki. Ya ce in yaron nan ya tafi rufe wurin zai yi, don ba shi da ƙarfi kuma ba shi da sha'awa. Ya ce amma uba ba ya riƙe rigar ɗa ya hana shi ci gaba, balle ɗan fari, mutane su ce ya rasa ta ido. Sannan ya ce ai na iya magana, in san yadda zan shirya ta in gaya masa.

Na ce masa wannan kam ba zai ɗauku ba. In na kai yadda ya faɗa jiya, yaro zai haɗa kayansa. In na kai yadda ya faɗa yau, zai ce Baffa ne da sugansa. Na ce tsakanin ofishinsa da na yaron ba nisa, ya taka da kansa. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. Ya ce wato sai da na tsufa na lalace. Na tashi na bar shi da kokonsa, raina a ɓace, don na ga mutum biyu da nake ƙauna za su rabu a kan abin da bai kai tsawon baranda ba.

Ana haka, ya rage saura kaɗan wa'adin ya cika, sai matar direba ta haihu, ya tafi Madobi hidimar suna. Ranar kuma Yaya ya yi alkawari da wani manomi a wajen Bunkure zai je ya ga shinkafarsa tun tana tsaye kafin a yanka. Yaya ya daɗe da barin tuƙi saboda ido, ni kuwa ko keke sai da addu'a. Na ce ai ga manaja. Yaya ya yi gunaguni, ya nemi mai kula da inji, aka ce aiki ya riƙe shi. Dole ya shiga baya ya zauna, manaja ya kama tuƙi, ni na shiga gaba, kujerar mai zaman banza, wadda dama ta dace da muƙamina.

Muka bi hanyar da ta bi gefen kanal. Ruwa cike, gonaki sun yi jawur hagu da dama, an kakkafa sanduna da ledoji don korar tsuntsaye. A wani wuri muka tsaya shanu suka gama tsallakewa, balbelu na biye da su. A gonar, Yaya ya murza zangarniya a tafi ya ciza, manaja ya shiga ciki ya duba ƙasan karan, kowa ya gaya mini ra'ayinsa, na haɗa na gaya wa manomin. Da za mu tafi, manomin ya rako mu bakin mota, ya ce wai da gaske ne abin da suke ji, manaja zai bar su? Ashe labarin matan bakace har ya tsallaka ƙaramar hukuma. Yaya ya ce haka shi ma ya ji, ya shige mota.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi. Mun ɗan yi tafiya sai na ji gyaran murya daga baya, irin wanda na sani. Ya ce, "Malam." Ban san lokacin da dabarar ta zo mini ba. Na langaɓar da kai jikin gilashi, na rufe ido, na saki baki. Ya sake kira. Na ja minshari, na ma ɗan wuce gona da iri.

Ya ce, "Ikon Allah. Mutum na barci, carbi na tafiya a hannunsa."

Na tsayar da yatsuna, amma ban buɗe ido ba. Motar ta yi shiru, sai ƙarar taya a kan tsakuwa. Na ɗauka ya fasa. Can sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, ba irin ta ofis ba.

"To, ko kana ji ko ba ka ji, ka gaya masa. Ka ce shinkafar da yake fitarwa, ni ban taɓa fitar da irinta ba. Tun da ya dawo ban ƙara jin kunyar buhun da ya fita daga wurin nan ba. Sa'ar da na roƙa masa tana nan, ba na janye addu'a. Amma ba na so ya tafi."

Na ji motar ta rage gudu. Yaya ya ci gaba.

"Ni ma haka aka yi mini. Har tsoho ya rasu ban san ko ya ji daɗin nomana ba. Kai ka ce mini ya ji, ni kuma ban yarda da kai ba."

Wannan ban taɓa sani ba. Na tuna ranar da na gaya masa, bayan an dawo daga maƙabarta, ya ce mini to, na ɗauka maganar ta shiga. Ashe shekara da shekaru yana ɗauke da ita. Minsharin ma ya gagara.

Sai na ji motsin riga, na ji ya matso gaba, hannunsa ya wuce ta gefen kafaɗata. Na ji ƙwayoyin shinkafa suna zuba cikin ɗan ramin nan da ke kusa da giya, inda direba ke ajiye goro. Ta safiyar ranar ce, bai samu zuwa dakali ba. Ya koma ya jingina.

Ya ce, "Malam dai barcinsa ya yi nisa, ba shi da amfani." Ya ɗan dakata. "Kai. Ka ji abin da na ce?"

Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa jin Yaya ya ce masa kai ba. Da ƙyar amsar manaja ta fito.

"Na ji, Baba."

"To rage gudu, akwai rami a gaba."

Motar kuwa a lokacin ko mai tura baro zai wuce ta. Ban buɗe ido ba har muka hau kwalta muka shiga Kura, don na san in na buɗe, hawaye za su ba ni kunya. Da muka tsaya na yi miƙa, na yi hamma, na tambaya har mun iso? Yaya ya ce a'a, muna Bunkure, ya fita ya bar ni.

Washegari manaja ya kira mutanen Kebbi ya ba su haƙuri. Bai gaya wa kowa ba, amma kafin azahar matan bakace sun aiko a yi mini barka. Hular Yaya tana can ƙeya kamar za ta faɗi. Na zauna a kujerata ina tunanin ko aikina ya ƙare ke nan, har na fara jin kewar barandar. Sai ga shi ya leƙo ya yafuto ni, ya ce in gaya wa ɗan nawa buhuna sun kusa ƙarewa, kuma wane irin sakaci ne sai an tuna wa mutum. Na tashi na kai shi yadda yake, ban sa komai ba. Manaja ya yi dariya ya ce a ce masa an ji.

Da direba ya dawo daga suna, ya ɗauko tsumma zai gyara mota, ya ga shinkafa a wurin goronsa, ya fara mita yana neman wanda ya yi masa ɓarna. Ya sa hannu zai kwashe ke nan manaja ya hango shi daga baranda. Ya sauko da kansa, bai aiki kowa ba, ya ce masa ya bar ta a nan, ya nemi wani wurin ajiye goro.